Gidan Sarmidi a Wiru ta Cikin Waya

Batam, 4 ga Mayu

Zuwa ga Paklik Sarwono,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ƙanin ubanta, ko da yake sai an hau har kan kakanni kafin a ga inda jininmu ya haɗu. Yaya gwiwa? Na kira Bulik Sri, ta ce mijinta ya fi ƙarfinta, har yanzu kai kaɗai kake dafa wa mutum goma sha ɗaya abinci a jirgin nan mai jan kwal. Ni ta jiki ƙalau nake. Sanyi ya shige ni makon jiya, abokiyar ɗakina ta kankare min baya da kwabo har ya yi jawur, na miƙe na koma aiki.

Paklik, an kai ni ƙara. Ba kotun gwamnati ba, da ita ce da na san inda zan sa kaina. Zauren Wiru ta cikin waya aka kai ni, gaban alƙalai uku, kuma kai ne na ukunsu. Shi ya sa ban aiko maka saƙo ta cikin garin ba, na biyo ta nan inda ba mai leƙawa.

Da hannunka ka rubuta dokokin nan. Shekarar da teku ta ƙarasa cinye garinmu Tambakwiru muka watse, wasu Semarang, wasu Malesiya, wasu Taiwan, ku manya kuka ce tunda ƙasar ta tafi a sake gina garin a cikin waya, kowa a ba shi jiki ɗaya da fili ɗaya, daidai inda gidan ubansa yake. Har tafi muka yi muku. Ban taɓa zaton biyu daga cikin dokokin za su sa ni a tsakiya su matse ni ba. Ta bakwai ta ce gidan da mai shi ya kwana ɗari bai leƙo ba, a rushe shi a ba wani filin. Ta huɗu ta ce wanda ya shiga jikin wani, a goge jikin da duk abin da ya gina, shi kuma a kore shi shekara guda. To ka faɗa min, matar da mijinta ya ɓace a teku yaya za ta yi?

Wata goma sha ɗaya ke nan da masu jirgin kamun kifi suka kira ni suka ce an wayi gari ba a ga mijina Mas Sarmidi ba. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ga faɗuwarsa. Kalmar sirrinsa tana hannuna, shi ya ba ni. Ranar da ya cika kwana casa'in da bakwai na shiga jikinsa da tsakar rana, lokacin da kowa yake wajen aiki, na ƙirga goma na fita. Kwanakin suka koma farko. Na sake yin haka sau biyu, ba wanda ya gani.

Na huɗun ne ya kashe ni, kuma ba dokar da ta tilasta min shi. Kewa ce kawai. Lokacin hutun cin abinci na shiga, na fito da shi baranda na zaunar da shi a kan benci, inda muka saba zama duk ranar da jirginsu ya taɓa tasha. Ban san Yu Lasmi tana gidanta na tsallaken hanya ba. Ka san yadda yayar nan tasa take ji da shi. Ta ga sunan ƙaninta ya yi kore, ta taho a guje tana buɗe murya: "Midi! Midi, kai ne? Ɗan banza, ina ka shiga?" Maimakon in ce mata ni ce, sai na kashe wayar.

Kafin la'asar ta kira rabin Wiru. Ta dafa shinkafar godiya mai ruwan ɗorawa ta raba wa maƙwabtanta a Semarang, ta ce ƙaninta yana raye. Kwana biyu tana jiran kiransa. Sai Mbak Ningrum, mai riƙe da makullan garin daga Taiwan, ta duba ta ce daga Batam aka shiga, Yu Lasmi kuwa ta kai ƙara zaure.

Na san abin da na yi mata. Ranar da na ji labarin shinkafar nan ko ruwa bai wuce min ba. Amma gidan fa, Paklik? Shekara biyu yana gina shi, katako ɗaya-ɗaya, daga tasha zuwa tasha, da abin da ya iya tunawa. Na ainihin ko hotonsa ba mu da shi, ruwa ya tafi da su. Shekara huɗun nan da yake teku ni ina Batam, ba mu da wani gida tare sai shi. In ya dawo ya tarar da filin a hannun wani, me zan ce masa?

Za a zauna ranar Lahadi, takwas ga Yuni. Don Allah da ka samu sabis ka amsa min.

'Yarka,
Turasih


Batam, 13 ga Mayu

Paklik,

Gaisuwa kuma. Ina fata shirun nan na teku ne ba na fushi ba. Ni ina nan, sai ido da yake min yaji saboda ƙananan kayan talabijin da muke haɗawa daga safe har yamma.

An zagaye gidan da igiya, kamar yadda ake yi wa duk gidan da yake gaban shari'a. Da jikina zan iya tsayawa a bakin hanya in kalla, amma ba zan iya shiga ba. Jiya ina tsaye sai ga Pak Wagiman, wanda surukinsa yake kan gaba a layin masu jiran fili. Yana tafiya yana auna wurin da ƙafa, a gabana!

Na ce, "Pak, an yi asarar wani abu ne?"

Ya ce, "A'a, 'yata, ba fata nake ba. Ina dai dubawa ne ko wurin zai ɗauki kejin tattabaru."

Na ce, "Zai ɗauka, Pak. Har da mai tattabarun in an haƙa da zurfi."

Na san bai kamata ba, sa'an ubana ne. Amma ka ga inda aka kai ni. Matan layinmu da muke hira kullum a gindin rijiya, yanzu ina isowa sai sunayensu su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa wai tukunya ta bari a kan wuta.

Saura kwana ashirin da shida. Ka yi min magana ko da layi ɗaya ne.

Turasih


Tashar Banjarmasin, 19 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Asih,

Wa alaikumus salam. Yau muka shigo kogi, wayar ta yi ta ƙara kamar za ta tsage, na ga takardunki biyu a tare. Ba fushi ba ne, ruwa ne. Gwiwa tana nan da halinta, in hadari zai taso ita take fara gaya min kafin kyaftin ya sani. Idon nan ki riƙa wanke shi da ruwan sanyi, kada ki yi wasa da shi.

Na karanta ta farko a tsaye, miyar kifi ta ƙone a bayana. Asih, kin yi ɓarna. Ba zan ɓoye miki ba don kina 'yata. Lasmi ita ta goya Midi bayan rasuwar uwarsu. Abin da kika ba ta na kwana biyu kika kuma karɓe, ban san da me ake biyansa ba.

Dokokin nan ba don nishaɗi muka rubuta su ba. Ta huɗu, ke kina ƙarama a lokacin, wani ne ya shiga jikin wansa ya je ƙofar surukar wan ya zazzage ta tas. Aure ya mutu a waje, da 'ya'ya uku a tsakani. Daga ranar muka gane cewa in mutum bai tabbata wanda yake gani shi ne ba, garin ya tashi daga gari. Ta bakwai kuma, na'urar da garin yake ciki ƙarama ce, yara suna yin aure suna neman wurin zama, ga gidaje a rufe masu su sun manta da mu. Mun yi tunanin wanda ya gaji da wanda ya manta. Wanda teku ta riƙe bai zo mana a rai ba, mu da rabinmu a kan ruwa muke ci. Wannan kunyar tawa ce.

Ni na koya wa Midi gyaran raga. Lokacin da yake ginin nan sau nawa ya kira ni yana tambaya, "Lik, tagar kicin ɗin Baba gabas take kallo ko kudu?" Gidan nan ni ma da guntun hannuna a ciki. Muddin ina numfashi ba zan bari a rushe shi ba.

Ki buɗe allon dokoki da yake ƙofar zaure, ki karanta ta goma sha ɗaya. Ki karanta ta a zaune, kuma bayan kin ci abinci. Kada ki yi maganar shari'ar nan da kowa, balle Wagiman. Bakinki na gidanmu ne, na san shi.

An gama loda kwal, za mu tashi. Kwana goma ne zuwa Cilegon in iska ta yi mana kirki.

Paklik ɗinki,
Sarwono


Batam, 24 ga Mayu

Zuwa ga Paklik,

Ina gaishe ka, ina kuma yi wa gwiwa sannu. Idona ya yi sauƙi. Bari in faɗi abin da ya kawo ni tun kafin in rasa ƙarfin faɗa, domin gara ka ji daga bakina.

Da na karanta takardarka na yi kuka a bayan ɗakin wanki, na murna. Layin nan da ka ce ba za ka bari a rushe gidan ba, na karanta shi ya fi sau ashirin. Na ce shi ke nan, alƙali ɗaya yana hannuna, sauran biyun kuma ba su taɓa tsallake maganarka ba. Na ci shinkafa faranti biyu ranar.

Shekaranjiya Yu Lasmi ta kira ni, karo na farko tun da abin ya faru. Na ɗauka da niyyar ba ta haƙuri, wallahi da niyyar haka na ɗauka. Ban gama sallama ba ta ce, "Ke ce Asih ko kuma yau ma jikin wani kika aro?"

Na ce, "Yu, ki yafe min."

Ta ce, "In yafe miki? Na ba mai gadin layinmu shinkafa, na ba mai sayar da tempe, wainar waken suyar nan, har wadda ba ma magana da ita shekara uku na kai mata da hannuna. Yanzu in na fito sayen gishiri kallona suke kamar mai taɓin hankali. Ke kina can kina wasan 'yar tsana da ƙanina!"

Na ce gidansa nake tsarewa. Ta ce, "Wane gida? Nan da mako biyu ko ƙusa ba za ki gani a wurin ba."

A nan ne bakin gidan namu ya tashi. Na ce, "Sai mu gani. Alƙali ya riga ya ba ni kalmarsa, a rubuce ma."

Sai ta ce, "Wane alƙali?" Na kashe wayar, amma mutum nawa ne a cikin ukun nan nake kira Paklik?

Jiya da safe mai gari, Pak Tukiran, ya manna sanarwa a ƙofar zaure. An sauke ka daga kujera har sai ka zo ka wanke kanka. An ɗora Bu Endang a wurinka, malamar nan da ta taɓa sa ɗan cikinta ya maimaita aji don ya makara ranar jarrabawa. Ni na yi maka wannan, kana tsakiyar teku ba ka ma sani ba. Ban san yadda zan kalle ka ba.

Doka ta goma sha ɗaya kuwa ban buɗe ta ba. Na san dokar matattu ce. Na ɗauka ka ambace ta ne kawai don ka cika takarda. Mijina bai mutu ba, Paklik, ba a gan shi ba ne. Ka nemo min wata ƙofar, kai ka san inda kuka bar ramuka a dokokin nan.

Mai neman gafararka,
Turasih


Cilegon, 31 ga Mayu

Asih,

Na amsa gaisuwarki. Mun iso a makare, igiyar jan kwal ta tsinke mana a hanya, Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni. Ni lafiya lau.

Shekara tara ina kan kujerar nan. Ba albashi, ba ko kofin shayi, sai zagi daga wanda bai ji daɗin hukunci ba. Duk da haka da na ga sanarwar Tukiran sai da na zauna a kan buhun albasa na daɗe ban tashi ba. Ya yi daidai, da ni ne shi haka zan yi. Laifin ba naki ba ne ke kaɗai, ni na amsa takardar wadda shari'arta take gabana. A bar wannan maganar.

Amma ki ji ni da kyau. Ban taɓa yi miki alkawarin hukunci ba. Da na zauna a kan shari'ar nan, da bakina zan ce a goge, domin kin shiga jikin, kuma kin amsa. Abin da nake nufi da maganata shi ne akwai hanya, kuma na nuna miki ita a layi na gaba, kika tsallake. Ba rami a dokokin nan. Ƙofa ɗaya ce.

Ga abin da ta goma sha ɗaya ta ce, tunda kin ƙi buɗewa. In ɗan gari ya rasu, matarsa ko mafi kusa da shi za ta tsaya a zaure ta faɗa da muryarta, ba a rubuce ba, mutum biyu su shaida. Ba ma neman takardar gwamnati, mun san gwamnati ba ta ba irinmu takarda da wuri. Daga nan gidansa ya zama na magajinsa tun daga ranar da ya rasu, jikinsa kuma amana ne a hannun magajin har a binne shi. Kin gane? In Midi ya rasu tun ranar da aka neme shi aka rasa, to duk shigar da kika yi shigar magajiya ce a kan amanarta. Doka ta huɗu ba ta taɓa ki ba. Endang da kanta ba za ta iya cewa komai ba, ita da take bin rubutu harafi-harafi. A ranar za a binne jikin a maƙabartar bayan masallaci, Ningrum ta rufe sunan, ba a kuma sake buɗe shi.

Yanzu zan faɗa miki abin da ba wanda ya yarda ya faɗa miki. Shekara talatin da ɗaya ina kan ruwa. Na ga an tsamo mutum bayan awa shida, na taɓa jin wanda aka tsamo bayan kwana biyu. Wata goma sha biyu ban taɓa ji ba. Midi ya rasu, 'yata. Na daɗe ina yi masa addu'ar da ake yi wa matattu, ban dai gaya miki ba ne.

Ni zan zama shaida na farko in kin yarda.

Sarwono


Batam, 2 ga Yuni

Paklik,

Ina gaishe ka don an koya min gaisuwa. Ba ni da lafiya, ba kuma inda yake min ciwo da zan nuna.

Kana kan buhun albasa ka kashe min miji da layi ɗaya. Ka gan shi? Ka taɓa gawarsa? Akwai jiragen da suke shekara biyu ba su taɓa ƙasa ba, akwai waɗanda ake sauya musu jirgi a tsakiyar teku a ƙwace wayoyinsu. Kai ma ka san wannan.

Na bi duk ƙofar da na sani. Na roƙi Mbak Ningrum ta kwafe min gidan ta ɓoye a wani wuri. Ta ce, "Dik, ƙanwata, makullin nan na gari ne, ba nawa ba. In na yi miki yau, gobe ba wanda zai yarda gidansa yana inda ya bar shi." Na tambayi malamin masallacin ma'aikata, ya ce abin da aka faɗa a cikin waya ba shari'a ba ce, aurena yana nan. Shi ba ɗan Wiru ba ne. Bai san cewa abin da aka faɗa a zauren nan shi ne gaskiya a wurinmu ba. Ina faɗa, daga Semarang har Taiwan za a zauna a yi masa tahlili, a fara ce min matar marigayi.

Har Yu Lasmi na sake kira, na ce ta janye ƙarar, zan durƙusa mata a gaban kowa. Ta ce ƙarar doka ta huɗu ba a janye ta. Sai muryarta ta karye. Ta ce, "Asih, ni ba gidan nake so a rushe ba. Shekara guda ina so in yi wa ƙanina addu'a, in na ɗaga hannu ban san wacce zan yi ba, ta mai tafiya ko ta mamaci. Ke kika riƙe shi a tsakani."

In na yi shiru, ranar Lahadi a goge shi da gidansa. In na yi magana, gidan ya tsira, ni kuma na binne mijina da bakina. In ya dawo fa? Saura kwana shida, Paklik, ina jin tsoro.

Turasih


Bakin Cilegon, 5 ga Yuni

'Yata,

Na gaishe ki. Ki zage ni son ranki, na cancanta. Na roƙi kyaftin ya bar ni a tasha har Lahadi, ya yarda, yaran jirgi za su ci taliyar leda.

In ya dawo, zan fi kowa murnar zama maƙaryaci. A ba shi sabon jiki, ya tarar da gidansa a tsaye da matarsa a ciki, ya yi mana dariya har ya gaji. In kika yi shiru, ko ya dawo ba abin da zai tarar.

Abu ɗaya ya rage da ya kamata ki sani tun yanzu, domin ban taɓa ganinki a jana'izar garin ba. Na'urar ba ta yarda wani ya ɗaga jikin wani, ko Ningrum ba ta iyawa. Duk wanda muka binne, magajinsa ne yake shiga jikin ya taka da shi har maƙabarta, ya kwanta, sannan a rufe. Ke za ki kai shi.

Ba zan ƙara matsa miki ba. Ina zaure ranar Lahadi, duk abin da kika zaɓa.

Sarwono


Batam, 9 ga Yuni

Zuwa ga Paklik Sarwono,

Assalamu alaikum. Ina fata ka samu jirginku lafiya, kuma yaran ba su ƙone maka tukwane ba. Ni na je aiki yau. An ce in huta, na ce a'a.

Kana wurin jiya, ka ga abin da kowa ya gani. Wanda ba ka gani ba nake so in gaya maka, domin in ban faɗa wa wani ba zai shaƙe ni.

A kan matakalar ɗakin kwananmu na zauna, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Har lokacin da Bu Endang ta ce, "Turasih, kina da magana kafin mu yanke?" ban san abin da zan ce ba. Sai na tuna igiyar nan da ƙafar Pak Wagiman. Na ji bakina yana cewa, "Mijina Sarmidi ɗan Kasmuri ya rasu." Ta ce ba a ji ba, in maimaita. Ba mugunta ba ce, babur ne ya wuce ta bayana. Na maimaita. Ka shaida. Da aka nemi na biyu, ban yi zaton muryar Yu Lasmi zan ji ba.

Ga abin da ba ka lissafa ba, kai da dokokinka. Waya ɗaya gare ni. Kafin in shiga jikinsa sai na fita daga nawa. Na kai kaina barandar gidan, an riga an cire igiyar, na bar ni a can. Mutum ɗari da wani abu suka raka Mas Sarmidi, matarsa ba ta cikinsu.

Da na fito da shi daga ɗaki sai na ga mace a tsaye a baranda, kanta a sunkuye, yadda jiki yake yi in mai shi ba ya nan. Na tsayar da shi a gabanta. Ashe haka yake ganina. Ashe gajeriya ce ni a wurinsa, kaina iyakar kafaɗarsa. Kuna ta jira a bakin hanya, kun ɗauka sabis ne ya ɗauke. Ba sabis ba ne. Na rasa yadda zan sa shi ya juya mata baya.

A hanya Yu Lasmi ta jera da ni. Ta san ni ce a ciki, amma ba da ni take magana ba. Tana cewa, "Midi, a hankali, ba mai korar ka. Kullum kai sauri." Da muka zo kwanar masallaci ta rage murya ta ce, "Asih, ɗaga min hannunsa sau ɗaya." Na ɗaga. Ta ce, "To. Ya isa."

Ramin ba shi da zurfi, taku biyu ne. Na kwantar da shi. Daga ciki ana ganin sama da fuskokinku a zagaye, na ga taka. Mbak Ningrum ta ce, "Dik, in kin shirya ki fita, sai in rufe." Na ce ta ba ni minti ɗaya. Ta ba ni goma, ba wanda ya yi tari. Ban yi addu'a ba, Paklik, ban iya ba. Na dai zauna a cikinsa har yatsana ya gaji, na danna.

Wayar ta dawo da ni shafin farko, inda ake rubuta suna. Hannuna da kansa ya rubuta nasa. Aka ce babu mai wannan sunan.

Na shiga da nawa. Na farka a baranda, layin ba kowa, duk kuna maƙabarta kuna yi masa addu'a. A jikin ƙofa an riga an sauya allon, an rubuta Turasih. Gidan yana nan, ko ƙusa ba a taɓa ba. Ka cika maganarka, na gode.

Tun jiya ina tsaye a ƙofar. Ban iya shiga ba.

'Yarka,
Turasih, matar marigayi Sarmidi